In Ji Wa?

Litinin, 4 ga Maris

Babi na huɗu na kundin digirina ya kammala, saura gyara. Na ɗauko tsohon kwafin babi na ɗaya wanda malamina, Farfesa Arne Lindqvist, ya duba mini kafin ciwon mantuwa ya kama shi. Jan biro ko'ina, kamar an yanka kaza a kai. Gefen kowane layi: "In ji wa?"

Na taɓa rubuta cewa kwaɗi suna son ruwa, nan ma sai da ya ce in ji wa. Na ce, "Haba Arne, wannan ai ko yaro ya sani." Ya ce, "To nemo yaron, ki sa sunansa da shekara a baka biyu." Kai, mutumin nan! Ko barkwanci ya bayar sai ya faɗi a bakin wa ya ji. Ban taɓa ganin mai gudun haƙƙin mutane irinsa ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Ganawar neman aiki ta bidiyo, da jami'ar da nake mutuwar so. Abin da ya burge su maganar gishiri ce: cewa ba zafi ke ƙarar da kwaɗin tafkunanmu ba, gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara ne ke gangarawa ciki. Shugabarsu ta ce, "Noreen, wannan tunanin naki shi ya sa muka kira ki." Na washe baki na ce na gode.

Ba nawa ba ne. Arne ya faɗa, a mota, muna dawowa daga tafki, bakinsa cike da burodi: "Kin duba gishiri kuwa?" Ni na yi shekara biyu cikin taɓo ina awo, gaskiya ne. Amma shi ya faɗa.

Talata, 12 ga Maris

Na gaya wa Dashiell, abokin ofishina, maganar gishirin. Ya ce, "Ke dai akwai neman wahala. Ya rubuta a wani wuri? Bai rubuta ba. Yana tunawa? Ko sunan karensa ba ya tunawa. To wa zai sani?" Na ce ya rufe mini baki. Ban dai ce ƙarya yake ba.

Laraba, 13 ga Maris

Ban taɓa babin ba. Na wanke firji.

Asabar, 16 ga Maris

Na duba ƙa'idar ambaton manazarta. Maganar baka ba ta shiga jerin manazarta na ƙarshen kundi, wai don ba mai iya komawa ya duba ta. Cikin rubutu kaɗai ake sa ta, suna da kwanan wata a baka biyu. Wato in ban sa ba, babu inda take a duniya. Ko a ƙwaƙwalwar mai ita babu. Sai da na yi kuka.

Na kira Maribeth, matar Arne, ina neman kwanan watan. Ta ce, "Ranar da ya dawo mini da taɓo har gwiwa? Yo ranar tunawa da aurenmu ce, 'yar nan, tara ga Oktoba. Har yau ban yafe masa ba."

Litinin, 18 ga Maris

Na sa sunan Arne a babin. Na aika wa masu ɗaukar aikin sabon kwafi. 

Lahadi, 24 ga Maris

Na kai wa Arne babin gida. Yana bakin taga da bargo. Ya ce, "Sannu 'yammata, daga coci aka aiko ki?" Na ce a'a, ɗaliba ce, aiki na kawo a duba. Nan take ya gyara zama, ya miƙa wa Maribeth hannu ko kallonta bai yi ba. Ta sa masa jan biro.

A hankali yake bi da yatsa har ya iso wurin: (A. Lindqvist hira ta baka, 9 Oktoba 2021). Ya daɗe a kai.

"Gishiri," in ji shi. "Wannan mutumin yana da kai. Kin san shi?"

Na ce sosai.

"Kin kyauta da kika ambace shi. Amma kin ci masa waƙafi bayan suna." Ya ɗiga, ya miƙo mini takardar har da biron. Maribeth ta tashi wai za ta duba kofi, alhali ga kofi a gabanmu.

Talata, 9 ga Afrilu

Masu ɗaukar aikin shiru har yau. Ina barci lafiya dai.

Na duba takardun 'yan aji ɗaya. Wani ya rubuta wai kowa ya san macizai kurame ne. Ni da na rantse ba zan taɓa yi wa ɗalibi abin da aka yi mini ba, sai ga kalma uku a gefen takardarsa, da rubutuna. Ba komai ba ne. Jan biron ne ya fi kusa da hannuna.