Kunun Inna Lantana mai kwana biyu

Talata, 2 ga Mayu, 2023
Na dawo daga awon albasa a Bakura da ƙishi kamar in mutu. Na sha kunun zaƙinsu a tasha, ruwan sukari ne kawai. Na Maradun ya ɗan fi, da dankali suke zaƙaƙa shi, amma hanyar can yanzu sai da addu'a. Duk yawona ban ga na biyun Inna Lantana ta nan unguwarmu a Mafara ba. Ita ba ta san sukari ba. Shinkafar Bakolori take jiƙawa, ta lulluɓe da buhu har ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa cikin ƙullun dawa da citta da kanumfari. Zaƙin daga tsiron yake fitowa.

Juma'a, 5 ga Mayu
Abin da ba na faɗa wa kowa: na fi son shi in ya kwana biyu. Yana ɗan cizon harshe, yana ƙananan ƙwayaye a sama. Na roƙi Inna ta riƙa ajiye mini jarka guda. Ta ce, "Ɗana, da zafin ga? Kunu in ya wuce kwana ba kunu ba ne." Na yi ta magiya har ta yarda. Ba ya bugar da ni. To, kai yana ɗan yin sakayau. Gajiya ce.

Talata, 9 ga Mayu
Innalillahi. Na bar jarkar a shagon Gajere tela in dawo in ɗauka, kasuwa ta riƙe ni har la'asar. Ta kumbura, murfin ya yi tsalle, kumfa ta wanke yadin mutane. Wari har bakin masallaci. Da na iso jama'a sun cika ƙofar, wani yana cewa shi ya zauna bariki, ya san warin burkutu. Kowa ya san jarkar Inna ce, ga jan zaren da take ɗaurawa a hannun jarkokinta. Gajere ya dube ni, na dubi ƙasa. Shi ma bakinsa ƙanin ƙafarsa, ya ce zuwa ya yi ya tarar da ita.

Laraba, 10 ga Mayu
Ba wanda ya sayi kunu yau. Na hango bokitinta cike har azahar.

Alhamis, 11 ga Mayu
Magana ta kai wurin mai unguwa, Baba Nagode. Surukina. Ya ce ranar Asabar za a zauna da dattawa, in ta tabbata giya Inna take dafawa ba ita ba sana'a a unguwar nan, kuma zai miƙa ta gaba. Matar da ta rasa miji, da kunun nan take ci da jikoki uku.
Matata Taibatu tana zuba mini tuwo tana cewa wai tsohuwa da furfura, ko kunyar Allah. Wai duk wanda ke saye a ɓoye ma a tona shi. Na ce miyar ta yi gishiri, don dai in ce wani abu.
Gyaran abin ba wuya. In tashi in ce ni na sa ta, ta hana ni na nace. Shi ke nan. Sai dai daga ranar sunana mashayi, a gaban uban matata. Wa zai sake ba ni albasarsa in kai Kudu? Tsoro nake ji, wallahi tsoro.

Juma'a, 12 ga Mayu
Na je gidan Inna bayan sallar Juma'a. Mun gaisa dogo, gida, iyali, zafi, kamar ba komai. Tana kwashe tsiron da ta shanya tana zuba wa awaki. Na buɗe baki, ta riga ni: "Ka ci abinci kuwa?" Na ce na ci. Na fito ban faɗi abin da ya kai ni ba.
Gobe zan yi magana. Na yi niyya.

Asabar, 13 ga Mayu
A zauren Baba aka zauna. Inna tana daga bakin ƙofa cikin mayafi, ni ina kusa da Baba saboda ni na shimfiɗa tabarmi.
Ya tambaye ta mi ya sa kunu ya koma haka. Ta ce kwana ya yi. Ya ce wa ta ajiye wa?
Ta ɗago. Idonta bai daɗe a kaina ba, yadda ake duban bango haka ta dube ni ta wuce. Ta ce, "Ba kowa, ranka ya daɗe. Tsufa ne, na manta da shi."
Liman ya fara nasiha. Na ce a raina bari liman ya gama tukuna. Liman ya gama. Na ce bari Baba ya numfasa. Sai ji na yi ana fatiha.
Ba za a kai ta gaba ba, albarkacin shekarunta. Amma kunu ta bar shi ke nan.
Da muka fito Baba ya dafa kafaɗata, ya ce Allah ya yi mini albarka da hidima.

Talata, 23 ga Mayu
An ce an ga manyan tukwanen Inna a layin 'yan gwanjo. Ban je wajen ba. Babbar jikar an kai ta Morai wurin dangin uba, wai kafin abubuwa su daidaita.

Talata, 30 ga Mayu
Farashin albasa ya ɗaga. Hadari ya haɗu gabas, bai zubo ba. Taibatu ta ce na rame, na ce zafi ne.
Ta kawo mini saƙon Inna, wai tana gaishe ni, kwana biyu ba ta ga wucewata ba, ko lafiya. Na ce a ce mata lafiya lau.
Ta bayan makaranta nake bi zuwa kasuwa yanzu. Ba don komai ba. Hanyar ta fi inuwa.