Wa Zai Gaya wa Yaran Cewa Kifinsu Ba Zai Dawo Ba?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Tsaftar Tituna na ƙaramar hukumarmu,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Hajara, mataimakiyar malama ce ni a wata firamare a gabashin Landan. Na buga waya, na aika saƙo, kullum amsar ɗaya ce, wai ana dubawa. Shi ya sa na fito fili.

Na farko. A hunturun da ya wuce an kawo wa ajinmu ƙwan kifin salmon cikin tankin gilashi domin yara su rena. Da aka ji ni 'yar masunta ce daga Yawuri, sai aka jibga mini aikin, kamar da kifi a hannu aka haife ni. Ban ƙi ba. Ko ranar hutu sai na hau bas na je na duba sanyin ruwan. Da suka ƙyanƙyashe suka ɗan tasa, muka kai su rafin bayan makaranta, wanda ke gangarawa kogin Thames, kowane yaro riƙe da kofinsa. Ni da bakina na gaya musu kifin nan zai tafi teku ya girma, sannan ya biyo ƙanshin ruwan da ya tashi a ciki ya dawo. Na ce su jira.

Na biyu. Ba a jima ba na ga ma'aikatanku goye da tankin feshi, suna bin bakin rafin da maganin ciyawa, ga hadari ya haɗu. Na roƙi ɗaya ya dakata. Cikin ladabi ya ce abin da aka sa shi yake yi, kuma ban ga laifinsa ba. Da yamma ruwa ya sauko ya wanke komai zuwa rafi. Bayan 'yan kwanaki na sauka da kaina. Na ɗaga duwatsu, babu ƙwarin da 'ya'yan kifi ke ci. 'Yan kifin da na gani kuwa sun juya ciki sama. Ba ni da ɗakin gwaji, amma na san ruwan da ya mutu.

Na uku. A garinmu, wanda ya zuba magimfa, ganyen da ke bugar da kifi, don ya kwasa a ɓagas, sarkin ruwa ke kiransa gaban jama'a ya sha kunya. Shi ɗin ma yunwa ce ta sa shi. A nan kuwa, don kada ciyawa ta ɓata kyan gefen titi ake zuba guba, cikin riga mai ƙyalli, da izinin hukuma. Wallahi wannan ya fi mini ciwo.

Har yau yaran suna tsayawa kan gada suna leƙe. Wata 'yar ajina, Amina, ta tambaye ni ko kifinta zai gane ta idan ta shiga sakandare. Na sunkuya kamar ina neman abu a jaka. An yi mana tayin sababbin ƙwai bana, na ce a'a, na wanke tankin na kife shi.

Roƙona biyu ne. Ku daina feshi a bakin rafi, ko da yake zuciyata ta ba ni ba za ku daina ba. In haka ne, don Allah ka zo ajinmu da kanka, zan ajiye maka kujera, ka gaya musu su daina jira. Ni na kasa.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuri'a, kada ya sa ka taɓa yi musu alkawarin da wani zai karya a madadinka.

Wassalam,
Hajara