Na Canza wa Baba Sifika, Ya Daina Taɓa Jitarsa

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Na yi abu don in faranta wa mahaifina rai, ga shi na zama sanadin baƙin cikinsa.

Babana makaɗin jita ne, ya yi kusan shekara arba'in yana wasa a wuraren biki. Yana da wata tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jita, da ya saya tun kafin a haife ni. Akwatin katako ne, kusurwoyinsa duk sun goge, mariƙinsa ɗaure da waya, in an kunna ta sai an jira ta yi ɗumi kafin ta yi magana. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce ita ce babbar 'yarsa, mu duka ƙannenta ne.

Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya farfaɗo, amma yatsun hannunsa na hagu sun yi nauyi. Likitan da ke masa gashi ya ce ya riƙa kaɗa jita kullum, ko na minti ashirin ne, zai taimaki yatsun. Ya kuwa kama, kowace hantsi yana falo yana fama. Sai dai sifikar da ke cikin akwatin ta tsufa. Da ya taɓa tsirkiya mai kauri sai ta yi wani zuuu, kamar ƙuda ya faɗa gwangwani. Ni a zatona abin yana ɓata masa rai, yana dai haƙuri ne.

Da ya tafi gidan Yayana ya yi mako guda, na ɗauki akwatin a tasi na kai wa wani mai gyaran kayan kiɗa. Shago ne ɗan tsukuku, ko'ina warin dalma. Yana buɗe bayan akwatin ya yi fito, ya ce irin wannan amfilifaya yanzu nemanta ake ido rufe, zunubi ne a bar ta da yagaggiyar sifika mai faci. Ya fito da sabuwa daga kwali, mai nauyin gaske, maganaɗisunta kamar faranti, ya ce irinta manyan makaɗa ke oda su sa wa tsofaffin akwatunansu. Ban ko yi ciniki ba. Da ya gwada, sauti ya fito tas, har tsikar jikina ta tashi. Ya tambaye ni ya za a yi da tsohuwar, na ce me zan yi da ita. Gwaggo, wannan maganar ce take cin raina har yau.

Baba ya dawo, na zaunar da shi ina ta murmushi, na miƙa masa jita. Sau uku ya taɓa tsirkiya ya tsaya. Ya sa na juya masa akwatin, ya haska bayansa da tocila, ya daɗe yana kallo. Ya tambayi ina tsohuwar, na faɗa masa. Bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya rufe akwatin da zanen tebur. Yau mako shida ke nan bai ƙara taɓa jita ba.

Abokinsa mai ganga ne ya warware mini zancen. Ashe wata rana, saura awa biyu su tafi wasa, takardar sifikar ta yage. Mahaifiyarmu ta yanki bakin gyalenta, ta liƙe wurin da jan farce, ta yi ta hura masa iska har ya bushe. Wannan facin ne ke yin zuuu ɗin. Ni na ga ja-ja a jikinta a shagon, na ɗauka datti ne.

Na koma wajen mai gyara sau uku. Ya ce ya ba wani mutum da ke yawon tara tsofaffin sifikoki, ba shi da lambarsa, sai ranar da ya ga dama yake leƙowa. Yayana kuwa cewa yake sifika ai sifika ce, rigimar tsufa ce kawai. Jiya na tarar da Baba yana kokawa da maɓallin rigarsa, yatsun sun fara komawa gidan jiya. Yana gaishe ni, yana tambayar aikina kamar ba komai, ni kuma na kasa haɗa ido da shi. Me zan yi?

Autar mai jita

'Yata,

Share hawayenki. Niyyarki mai kyau ce, mai gyaran ma bai cuce ki ba, kaya mai kyau ya sa miki. Kuskurenki ɗaya ne: kin taɓa kayan mutum ba ki tambaye shi ba. Baba kuma ba rigima yake yi ba, ki gaya wa Yayanki haka. Makoki ya dawo masa sabo, ya kuma ƙi faɗa don kada ya ƙona miki rai.

To ke ki buɗe maganar. Ki zauna kusa da shi, ki ce kin ji labarin facin, ki ba shi haƙuri sau ɗaya, ba tare da kukan da zai sa ya koma lallashinki ba. Ki roƙe shi ya ba ki labarin ranar da bakinsa. Kada ki tsaya yabon sabuwar sifika, ya fi ki kunne.

Batun nema, ki daina zuwa ke kaɗai. Ki tafi da mai ganga, tsofaffin makaɗa sun san masu tara irin waɗannan kaya. Ki bar lambarki a shagon. Masu tarawar ba zubarwa suke yi ba, sabunta takardar suke yi su sayar, don haka ki hanzarta kafin a ɓare facin. Amma kada ki yi wa Baba alkawarin za a samu. In an dace, shi zai zaɓa, a mayar ko a ajiye masa a ɗaki. In ba a dace ba, ki faɗa masa gaskiya ranar da kika sani.

Yatsun kuwa ba za su jira ba. Jita tana kaɗuwa ko ba a jona ta ba. Ki sanar da likitansa cewa Baba ya daina kaɗa jita, ki kuma gayyato abokin nasa da hantsi ya zo da 'yar gangarsa. Abin da zai ƙi yi don kansa, da wuya ya ƙi yi wa abokin shekara arba'in.

Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan mahaifiyarku, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Gwaggonki