Marinar da Ke Ƙarƙashin Shagonka

Zuwa ga ɗana Saminu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Farida da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan Makarfi sai godiya, in ban da gwiwata da ke riga rediyo sanar da ni hadari. An cire masara, ƙanwarka Khairiyya kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Tun ina yaro nake jin wai tudun nan na bayan gidanmu, inda mata ke shanya barkono, marina ce a da, wai har daga Kudan da Ikara ake kawo zane da rawani a rina. Ban taɓa yarda ba. Ka san mutanenmu, ko turken jaki suka gani sai sun yi masa tarihi. Shekara saba'in ina bi ta kansa zuwa masallaci, abin da na sani kawai awaki na son wurin.

To, ranar Talata Lado magini ya fara haƙa harsashin shagon da ka ce a gina maka a kai. Ramin bai kai gwiwa ba diga ta yi ƙara. Da aka share ƙasa sai ga bakin rijiyar rini, zagaye, shafe da laso, wato simintin mutanen da, sumul kamar cikin ƙwarya. Lado ya kankara da wuƙa, yatsunsa suka fito shuɗi. Kafin la'asar mun tono baki bakwai. Lado ya daɗe a tsugune yana shafawa, ya ce shi bai taɓa yin shafen da zai kwana haka a ƙasa bai tsage ba. Tsofaffin unguwa kuwa, yanzu kowa kakansa ne ya haƙa.

Na sa an dakata. Fili gadonka ne, ban isa in hana ka ba. Lado ya ce ko dai a cike ramukan da kankare, ko a ja ginin taku goma gabas, shago ya rasa ƙofa ɗaya ta bakin titi. Juma'a biyu ya ba mu, yana da aiki a Gubuchi. Ban kira ka a waya ba don na san za ka ce duk yadda na gani, ni kuwa so nake ka zauna ka yi tunani. Roƙona dai a bar su a buɗe, a kewaye su.

Ka gaida Farida, da Zayyad, da ƙaramar da ban gani ba tukuna. Gwaggonka Hadijatu tana gaishe ku.

Abu ɗaya kafin ka yanke. Akwai wanda ya ce mini, yana kwance ba lafiya, wai yana yaro ya ga hannun kakanmu shuɗi har gwiwar hannu, kuma duk ranar da za a haƙa tudun nan a yi a hankali. Na yi dariya, na ce zazzaɓi ne. Shi ne na ƙarshe da ya ba ni labarin: Yaya Yahuza, mahaifinka, Allah ya jiƙansa.

Baffanka,
Maiwada.