Haƙorana Biyu a Filin Balo

Yamai, 29 ga Disamba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da su Sakina. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiyata lau, alhamdu lillahi.

Na ji hankalinki ya tashi don kin daina jin muryata a labarun rana. Ba korata aka yi ba, Inna. Ƙungiyarmu ta 'yan jarida ce ta shirya wasan balo, wato ƙwallon ƙafa, na ƙarshen shekara a unguwar Lamorde, 'yan radiyo da 'yan tele, aka sa ni tsaron gida. Ana dab da tashi, wani ƙaton mai ɗaukar hoto na 'yan tele, Ado, ya taho a guje. Na cafke balon, gwiwarsa kuma ta tafi da haƙorana biyu na gaba. Mu muka ci! Aka ɗaga ni sama, baki duk jini, ina ta dariya.

Da na koma aiki na ce "masu saurare", sai fito ya fita. Darektanmu ya riƙe ciki don dariya, ya ce, "Abdulrazak, je ka huta sai an gyara bakin nan." Abokiyar aikina Farida aka ɗora a kujerata. Tana da murya, Inna, har fiye da yadda nake so. Ki sa ni a addu'a.

Ƙungiya ta ɗauki nauyin likita, Ado kuwa kullum sai ya kawo mini kunu har gidana a unguwar Kalley.

Kilishin da kika saba aiko mini, bana ki ba Baba. Ni a aiko mini da garin ɗanwake. Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Abdulrazak