Ban Karanta Ƙasan Takardar Ba

Litinin, 3 ga Maris

Likita ta tattaɓa kumburin wuyana, ta sa na haɗiyi yawu sau biyu. Tairod ne ya kumbura, in ji ta, wani ɗan abu a gaban maƙogwaro da ke daidaita saurin aikin jiki. Sun soka siririyar allura, sun ɗebi abin gwaji. Ban gaya wa kowa ba. Ba na buga labarin da ban tabbatar ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Rigar sanyi a ɗakin labarai da rana tsaka. Mai ɗaukar hotonmu ya ce, "Edita, ke dai a wata ƙasar kike zaune."

Juma'a, 14 ga Maris

Na karɓi sakamako a tagar ɗakin gwaji. Ganin likita sai Litinin. A kan matakala na buɗe, layin farko ya ce ƙwayoyi masu yawa sun kutsa cikin tairod ɗin. Na ninke takardar. Shekara goma sha tara ina koya wa 'yan rahoto cewa zancen duk yana layin farko, sauran ciko ne. Kansa ke nan, ciwon daji.

Asabar, 15 ga Maris

Na gyara durowa, na ware takardun gida. Yaya ta kira, muka yi minti ashirin a kan kalar labule.

Litinin, 17 ga Maris

Ba kansa ba ce.

Na shiga da tambayoyi bakwai a rubuce, ta farko: saura wata nawa? Likita ta dube ni ta saman tabarau. "Malama, kin karanta har ƙasa kuwa?" Ta juya takardar ta ɗora yatsa a layin ƙarshe. "Mu nan muke ajiye kanun labarinmu."

Waɗanda suka kutsa ɗin ƙwayoyin garkuwar jikina ne, masu yaƙar cuta. Sun ɗauki tairod a matsayin baƙo, suka tare a cikinsa suna cinsa a hankali, aikinsa ya ragu. Daga nan sanyin, da gajiyar, da gashin da ke bin mataji. Na ce, wa ya ba su umarni? Ta yi dariya, ta ce har yanzu ba a gama sani ba.

Ƙwayar magani ɗaya kowace safiya kafin karin kumallo, mai yiwuwa har iya rayuwa. Gwajin jini bayan mako shida.

A mota na fi rabin awa ban tayar ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Na gaya wa Yaya, da bayanin komai a tsare. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Auta, kwana uku kina shirin mutuwa, ni kina min zancen labule? Wallahi ba ki da kirki."

Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce ranar gwajin jini ƙafarta ƙafata. Na ce aikin minti biyar ne, ba sai an raka ni ba. Gaskiya ce kuma.

Na dai tura mata ranar da lokacin.