Ta'aziyyar Malam Luƙman Wada, da Gaskiyar Hoton Sarƙa

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Zumuntar Telolin Hausawa Mazauna Makka, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Alhaji Issoufou Baraka, ta samu labarin rasuwar ɗanta kuma tsohon mambanta, Malam Luƙman Wada Mailafiya, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Juma'a, 10 ga Rajab 1438, daidai da 7 ga Afrilu 2017, a wani asibiti a birnin Helsinki na ƙasar Finland, sakamakon ciwon zuciya. Musulmin birnin sun sallace shi, sun binne shi a can.

An haifi marigayin a unguwar Rusaifa ta Makka, ya koyi ɗinki a shagon mahaifinsa, marigayi Alhaji Wada. Tsofaffin masu kawo masa ɗinki suna tune da ɗabi'arsa: ba ya ba mutum riga sai ya fara saka ta a jikinsa, ya ɗaga hannuwa, ya yi ruku'u, ya durƙusa, don kada ta yage wa mai ita a sahu. Matasa da dama da ke da shaguna a unguwar Kudai yau a hannunsa suka fara riƙe almakashi.

Daga baya aiki ya kai shi Finland, inda ya zama ɗaya daga cikin masu ɗinka tufafi a wani gidan opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukan zancensa a waƙe. Aikinsa na ƙarshe shi ne kayan sabon shiri na wani tsohon wasan ƙasar, labarin manoman da masu iko suka danne, aka ɗaure jagoransu, suka ƙi sunkuyar da kai. Marigayin bai ga ranar buɗe wasan ba.

A nan ya zama dole Ƙungiya ta yi wani bayani, kuma ba ta yi shi ba sai da ta tuntuɓi limamin da ya sallace shi da shugabar sashen da yake aiki. Wani hoto yana yawo a wayoyin jama'armu, marigayin sanye da kayan fursuna, da sarƙa a wuyan hannu, ana cewa a kurkukun Turawa ya mutu. Wannan ba gaskiya ba ne. Ba a taɓa tsare shi ba. Rigar jagoran manoman ce, shi ya ɗinka ta, ya saka ta kamar yadda ya saba tun Rusaifa, don ya ga ko mawaƙin zai iya cika ƙirjinsa da numfashi a cikinta. Sarƙar ma ta roba ce da aka shafa wa fenti. Shi da kansa ya tura wa ƙanensa Mukhtaru hoton cikin raha, bayan rasuwarsa ne hoton ya fita ba tare da bayaninsa ba.

Ƙungiya ta lura da cewa kujeru da yawa sun zauna babu kowa a daren farko na makoki, an mayar da gahawa ba a sha ba, wasu kuma da suka zo sun yi gaisuwa da ido a ƙasa. Da aka nuna wa mahaifiyarsa, Hajiya Ummulkhairi, hoton, ta daɗe tana duban gefen hannun rigar, sannan ta ce ko ba fuska ta san kalmasar ɗanta, ta kuma tambaya wane gidan yari ne yake yi wa fursuna ɗinki mai kyau haka.

Muna miƙa ta'aziyya ga Hajiya, da maiɗakinsa Malama Sakinatu, da 'yarsa Minnatullah, da dukan zuri'ar Alhaji Wada. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa a wannan ƙasa mai nisa, Ya ba iyalinsa haƙurin rashinsa.

Ana ci gaba da zaman makoki a ƙofar gidan mahaifinsa bayan sallar Magariba. Duk wanda ya tura hoton nan, muna roƙonsa ya tura wannan sanarwa ga mutanen da ya tura wa, sannan ya zo ya zauna. Hajiya ta hana a rage kujera ko ɗaya.

Uzair Abdulganiyyu
Jami'in Hulɗa da Jama'a
Ƙungiyar Zumuntar Telolin Hausawa Mazauna Makka